Liverpool ta Bakin Ruwa: Abin da Baƙo Zai Gani Bayan Anfield

Ka tare saurayi a Kano ko Maraɗi ka ce masa "Liverpool", jar riga ce za ta faɗo masa a rai, da Mohamed Salah yana sujada bayan ya ci ƙwallo. Ba laifinsa ba ne, ta gidan kallo sunan ya shigo wa 'yan zamaninsa. Amma tun ba a san talabijin a ƙasar Hausa ba, kayanmu sun san hanyar garin. Gyaɗar da ake jerawa dala-dala a Kano, da fatun awakin Sakkwato, da kuzar Jos, da manjan kudu, kaso mai tsoka a cikinsu idan ya bar Legas a jirgin ruwa, bakin Kogin Mersey yake nufa. Don haka ɗan Afirka ta Yamma da ya je Liverpool ya ɗauki hoto a Anfield ya juya, ya yi asarar kuɗin motarsa. Rabin labarin garin namu ne, a bakin ruwa kuma aka ajiye shi.

Birnin yana arewa maso yammacin Ingila, daidai inda Mersey ke faɗawa Tekun Ailan. Daga tashar Euston ta Landan, jirgin ƙasa zai sauke ka a tashar Lime Street cikin awa biyu da 'yan mintuna. Mutanen garin a ƙidayar 2021 ba su cika rabin miliyan ba, alhali a 1931 sun haura 840,000. Wannan raguwa kaɗai ta isa ta gaya maka cewa gari ne da ya taɓa cika ya batse, sannan kasuwa ta juya masa baya. Shi ya sa za ka ga gine-ginen da suka fi ƙarfin garin yau: an yi su ne lokacin da dukiyar duniya ke bi ta ƙofarsa.

Daga Lime Street ka gangara yamma da ƙafa, minti ashirin ya kai ka Pier Head, fuskar garin ga duk wanda ya zo ta teku. Manyan gine-gine uku ne jere a nan. Na hukumar tashar jiragen ruwa, mai ƙubba, an gama shi a 1907. Na tsakiya na kamfanin Cunard ne, mai jiragen fasinja zuwa Amurka, na 1917. Na ukun shi ne Royal Liver, na 1911, wanda agogunansa suka fi na Big Ben faɗi, kuma a kan hasumiyoyinsa biyu tsuntsayen tagulla ne masu tsayin fiye da mita biyar, irin tsuntsun da ke ƙirjin rigar Liverpool. Mutanen garin na cewa macen tana duban teku tana jiran dawowar matuƙa, namijin kuwa yana duban gari yana gadin iyalansu. Masu barkwanci su ce a'a, dubawa yake ko an buɗe mashaya. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne asalin kuɗin ginin. Kamfanin inshorar da ya gina shi ya faro ne a 1850 a matsayin ƙungiyar leburori masu tara kwabo-kwabo don kada ɗayansu ya mutu a rasa kuɗin binne shi. Yanzu ana sayen tikiti a hau samansa a ga garin da kogin gaba ɗaya.

Kafin ka shiga kowane gini, tsaya ka dubi ruwan. Sau biyu a yini teku na turo ruwa cikin kogin ta kuma janye shi, a ranakun da abin ya yi ƙarfi kuwa tazarar cika da janyewa takan kusa mita 10, tsayin gidan bene mai hawa uku ke nan. Jirgin da ke yawo bisa ruwa da safe sai a same shi kwance cikin laka da azahar. Wannan ne ya daƙile garin shekaru ɗari biyar, tun daga 1207 da Sarki John ya ba shi takardar zama gari. Sai a 1715 wani injiniya, Thomas Steers, ya haƙa katafaren tafki ya kewaye shi da bangon bulo, ya sa masa ƙofofi. Idan ruwa ya cika a buɗe jirage su shiga, kafin ya janye a rufe, su zauna bisa ruwa ana sauke kaya ana lodi ba tare da jiran teku ba. Shi ne irinsa na farko a duniya da aka yi don kasuwanci, kuma yakan ɗauki jirage kusan ɗari. Daga shi aka yi ta ƙara wasu har suka jeru tsawon kilomita 12 a gaɓar kogin. An cike wancan na farkon da ƙasa a 1826, aka sake tono shi a 2001 lokacin da za a gina rukunin kantunan Liverpool ONE. Yau masu sayayya na tafiya a kansa ba su sani ba. Akwai ɗan gilashi a daɓen titi da ake leƙa bangonsa, akwai kuma rangadin da ake shiga ƙarƙashin ƙasa da jagora, sai dai a nemi gurbi tun da wuri.

Daga nan ka shiga jirgin fito. Sufaye Kiristoci na Birkenhead, garin da ke tsallake, su suka fara fiton mutane tun ƙarni na 12, Sarki Edward na Uku ya tabbatar musu da izni a 1330, har yau kuma ba a daina ba, duk da ramukan mota da na jirgin ƙasa da aka haƙa ƙarƙashin kogin. Zagayen baƙi bai cika awa ɗaya ba. Ka hau sama ka jure iska, don daga tsakiyar ruwa ne za ka ga garin yadda miliyoyin matafiya suka gan shi. Tsakanin 1830 da 1930 mutum wajen miliyan tara ne suka bi ta nan zuwa Amurka da Kanada da Ostareliya. A 1847 kaɗai, shekarar da yunwar dankali ta fi tsanani a Ailan, mutum kusan 300,000 suka sauka a wannan gaɓa, da yawansu kuma ba su sami kuɗin wucewa gaba ba, nan suka zauna. Da yawa daga mutanen garin yau jikokinsu ne.

Kudu kaɗan da Pier Head akwai Albert Dock, wurin da kowane baƙo ke zuwa. Sito-sito ne na jan bulo masu hawa biyar, tsaye bisa jajayen ginshiƙan ƙarfe, sun kewaye ruwa ta kowace kusurwa. Injiniya Jesse Hartley ya gina su, aka buɗe a 1846, ba tare da katako ko ɗaya a jikin ginin ba, saboda gobara ce babbar abokiyar gabar masu ajiye auduga da taba da sukari. Jiragen tururi da suka zo daga baya sun fi ƙarfin ƙofarsa, ya yi ta ja da baya har aka rufe shi a 1972, laka ta cika shi. A shekarun 1980 aka farfaɗo da shi ya zama gidajen tarihi da shaguna da gidajen abinci. Shagunan dai na tsarabar baƙi ne, tsada ba dalili. Ginin ne abin kallo.

A nan gidan tarihin jiragen ruwa yake, a nan kuma Gidan Tarihin Bauta na Duniya yake, wanda aka buɗe ranar 23 ga Agusta, 2007. An rufe su biyun a farkon 2025 don gyara da faɗaɗawa na shekaru, saboda haka a bincika kafin a tafi. Amma ko ƙofarsu na kulle, garin kansa ya ishe ka shaida. Jirgin farko da aka sani ya tashi daga nan zuwa cinikin bayi a 1699. Daga nan zuwa 1807 da Birtaniya ta haramta cinikin, jiragen Liverpool sun yi sawu wajen 5,000, sun kwashi 'yan Afirka kimanin miliyan ɗaya da rabi. A shekarun 1790, cikin kowane jirgin bayi biyar da ya bar Birtaniya, huɗu daga wannan kogi suke. Za su fita da yadi da bindigogi da barasa da tagulla, su sayi mutane a Bonny da Kalaba da sauran gaɓar Afirka ta Yamma daga hannun sarakai da attajiran wurin, su kai su tsibiran Karibiyan da Amurka, su dawo da sukari da taba da auduga. Ba a cika kawo bayin nan ba, ribar ce ke zuwa.

Labarin jirgin Zong ya isa misali. Na wasu attajiran Liverpool ne ƙarƙashin William Gregson, wanda ya taɓa zama magajin garin. A ƙarshen 1781 ma'aikatan jirgin suka jefa mutum fiye da 130 cikin teku da ransu, suka ce wai ruwan sha ne ya yi ƙaranci, sannan masu jirgin suka nemi inshora ta biya su asarar "kaya". Da magana ta je kotu a Landan a 1783, ba shari'ar kisa aka yi ba, shari'ar biyan kuɗi aka yi. Babu wanda aka hukunta.

Ka je ƙarshen titin Castle Street ka ɗaga kai ka dubi zauren majalisar gari, na 1754. A sassaƙen da ke jikin bangonsa akwai giwaye da kadoji da fuskokin 'yan Afirka. Masu ginin ba su ɓoye inda arzikinsu ya fito ba. Wani ɓangare na babban titin da ke bayan Pier Head sunansa Goree, sunan tsibirin nan na gaɓar Dakar. Bold Street, titin da baƙi ke cika don cin abinci, sunan Jonas Bold ne, ɗan kasuwar bayi da ya yi magajin gari. Tarleton Street ma haka. An daɗe ana cewa Penny Lane na cikinsu, amma masu bincike na gidan tarihin sun ce ba su sami hujja ba. Majalisar birnin ta nemi afuwa a hukumance a 1999, kuma duk ranar 23 ga Agusta ana taruwa a bakin ruwa don tunawa, ranar da bayin Haiti suka tayar da bore a 1791. A ganina wannan gari ya fi yawancin takwarorinsa na Turai ƙarfin halin duban abin da ya aikata. Ya kamata ma mu da aka sayar da mutane daga gaɓarmu mu tambayi kanmu gidajen tarihi nawa muka gina a kan namu rabon na laifin.

Da aka hana cinikin mutane, jiragen ba su daina zuwa Bonny da Kalaba ba, kaya kawai suka canza. Manja ya zama sabuwar haja, don masana'antun Ingila na buƙatarsa wajen yin sabulu da kyandir da shafa wa injuna. Daga wannan ciniki ne sunayen da kakanninmu suka sani suka fito. John Holt, wanda kantunansa suka bazu daga Lakwaja zuwa Kano, kamfanin Liverpool ne. Elder Dempster, mai jiragen da ke haɗa Legas da Ingila, nan hedikwatarsa take. Jiragensa na fasinja, Accra da Apapa da Aureol, su suka riƙa kai ɗalibai da ma'aikatan gwamnati da 'yan siyasa a shekarun neman 'yanci, tafiyar kusan mako biyu, Pier Head kuwa ita ce Ingilar farko da idonsu ke gani.

Akwai abin tunawa da shugaban Elder Dempster, Alfred Jones, a Pier Head ɗin. Yawancin baƙi wucewa suke ba su kula ba. Shi ya kafa Bank of British West Africa a 1894, bankin da ya rikiɗe ya zama First Bank na Najeriya. Shi ya ba da kuɗin kafa makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi a 1898, ta farko irinta a duniya, don zazzaɓi na kashe masa ma'aikata. Ronald Ross, wanda ya tabbatar cewa sauro ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, yana koyarwa a nan ya sami kyautar Nobel a 1902. Makarantar na nan a Pembroke Place, kuma masananta na cikin waɗanda suka yi aikin samar da maganin dafin kububuwa da aka gwada a Kaltungo ta Jihar Gwambe. Amma Jones ɗin nan shi ne kuma ƙaramin jakadan Kwangon Sarki Leopold na Beljiyam a Liverpool, jiragensa ke jigila tsakanin Beljiyam da Kwango. Wani akawunsa, E. D. Morel, shi ya lura cewa jiragen na dawowa maƙil da roba da hauren giwa, amma ba abin da suke kai wa Kwango sai bindiga da harsashi. Ya ajiye aiki ya tona asiri, ya kafa ƙungiyar yaƙi da zaluncin a 1904, John Holt na cikin masu dafa masa.

Wanda ke son ganin abin da manja ya gina, ya shiga jirgin ƙasa na Merseyrail ya tsallaka zuwa Port Sunlight, tafiyar minti ashirin. Ƙauye ne da William Lever, mai sabulun Sunlight, ya fara ginawa ma'aikatansa a 1888: gidaje masu lambu, kusan kowane layi da fasalinsa, ga makaranta, ga asibiti, ga gidan zane-zane da ya buɗe a 1922 don tunawa da matarsa, shiga kyauta. A zamanin da leburan Liverpool ke cunkushe a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, wannan abin mamaki ne. Kamfaninsa ya sayi Niger Company a 1920, wanda Alhassan Ɗantata ke yi wa sayen gyaɗa a Kano, a 1929 kuma aka haɗa shi da wani ya zama UAC. Sai dai kyautatawar Lever ba ta tsallaka teku ba. A filayen kwakwar manja da ya karɓa a Kwango daga 1911, aikin tilas aka riƙa sa mutane. Ƙauyen na da kyau ƙwarai, kuma ya fi kyau a kalle shi da sanin wannan.

Ga Musulmi kuwa, akwai wani gida a lamba 8, Brougham Terrace, kan titin West Derby Road, da bai kamata a wuce ba, tun da ma kusan a kan hanyar Anfield yake. Wani lauya ɗan garin, William Henry Quilliam, haifaffen 1856, ya je Maroko ya dawo ya musulunta a 1887, ya ɗauki sunan Abdullahi. Ɗakin da ya fara tara mutane, jifa da tsangwama suka kore su daga ciki. A Disambar 1889 ya buɗe wannan gida, wanda ake ɗauka a matsayin masallaci na farko da aka riƙa salla a cikinsa a Ingila. Bai tsaya ga salla ba: ya yi makaranta, ya yi gidan marayu, ya kafa maɗaba'a mai buga jaridar mako-mako, The Crescent, da ake karantawa har Indiya da Afirka, ranar Kirsimeti kuma yakan ciyar da talakawan unguwa. Ɗaruruwan Turawa suka musulunta a hannunsa. Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya, Abdulhamid na Biyu, ya naɗa shi Shaihul Islam na tsibiran Birtaniya, kuma a 1894 shi ya wakilta zuwa Legas wajen buɗe Masallacin Shitta-Bey, ya kai wa Muhammadu Shitta lambar girma da sarautar Bey. Da Quilliam ya bar garin a 1908 jama'ar ta watse, gidan ya koma ofishin rajistar haihuwa da aure da mutuwa na shekaru da dama. Musulmin garin suka yi ta fafutuka har aka gyara shi aka sake buɗewa a 2014. Ɗakin sallar ba shi da girma, kuma daga waje ba za ka bambanta shi da gidajen maƙwabta ba in ba don allon da ke jikin bango ba. Ana salla biyar, ana Juma'a, masu kula da wurin kuma suna karɓar baƙi.

Babban masallacin garin, Al-Rahma, yana Toxteth ne, unguwar da 'yan garin ke kira L8. Nan ma'aikatan jirgi 'yan Yaman da Somaliya da Saliyo da Laberiya da Najeriya suka zauna suka auri 'yan gari, har aka sami baƙaƙen fata da kakannin kakanninsu a nan aka haife su. Ba su sha da daɗi ba. A tarzomar 1919 gungun fararen fata suka bi wani matuƙi ɗan Bamuda, Charles Wotten, har cikin ruwan Queen's Dock, inda ya mutu. A 1981 kuma unguwar ta kama da wuta saboda takurawar 'yan sanda da rashin aikin yi. Yau titin Lodge Lane cike yake da gidajen abincin Yamanawa da Somalawa da mahautan halal, kuma a nan ne za ka ci ka ƙoshi da kuɗi kaɗan. Unguwar Sinawa ba nisa, ana cewa ita ce mafi daɗewa a Turai, da ƙatuwar ƙofarta da aka kawo daga Shanghai a 2000.

Sauran tsakiyar gari yini guda ya isa. Kana fitowa daga Lime Street za ka yi ido huɗu da St George's Hall na 1854, wanda aka haɗa kotu da zauren kiɗa a rufi ɗaya. A gefensa gidan zane na Walker da babban ɗakin karatu da World Museum suke jere, duk kyauta, mai yara kuma ya fara da na ƙarshen. A kan titin Hope Street manyan majami'u biyu ke fuskantar juna: ta Angilika, wadda aka fara a 1904 ba a gama ba sai 1978, mafi girma a Birtaniya, ana kuma hawa hasumiyarta mai mita 101; da ta Katolika ta 1967, mai siffar zagayayyen tanti. A saman Bold Street akwai cocin St Luke da bama-baman Jamus suka cinye rufinsa a Mayun 1941, aka bar shi haka da gangan. Jamus ta matsa wa garin ne saboda ta nan abinci da makamai ke shigowa daga Amurka, mutum wajen 4,000 suka mutu a yankin. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa da aka jagoranci yaƙin Tekun Atlantika daga cikinsa yana nan bayan zauren majalisa, da taswirorinsa a bango, an mai da shi gidan tarihi.

Mawaƙan Beatles fa? Turawa da Japanawa saboda su suke zuwa. Mutum-mutumin su huɗun na Pier Head, kullum da layin masu hoto. Cavern Club da ke Mathew Street, inda suka yi wasa kusan sau 300 tsakanin 1961 da 1963, ba na asalin ba ne, an rushe wancan a 1973 aka sake gina wannan a 1984, titin kuma da dare na mashaya ne. Wanda waƙoƙinsu ba su dame shi ba, ya leƙa da rana ya wuce.

Sai ƙwallo. Abin da magoya baya da yawa ba su sani ba, Anfield gidan Everton ne tun farko. Ta yi wasa a nan daga 1884 zuwa 1892, rigimar kuɗin haya ta haɗa ta da mai filin, John Houlding, ta kwashe kayanta ta tsallaka lambun Stanley Park zuwa Goodison. Houlding ya ga an bar masa fili ba 'yan wasa, sai ya kafa Liverpool. Yau filin na ɗaukar mutum kimanin 61,000, kuma a rangadin baƙi za a shiga da kai ɗakin sauya kaya da bakin fili da inda aka jera kofunan Turai shida. Tikitin ranar wasa kuwa wahala gare shi, kuma wanda ya tare ka a titi ya ce yana da shi, ka riƙe kuɗinka. Ka tsaya a wurin tunawa da mutum 97 da turmutsitsin filin Hillsborough na 15 ga Afrilu, 1989 ya yi ajalinsu. Iyalansu sun yi shekara 27 suna shari'a kafin a tabbatar a 2016 cewa sakacin hukuma ne ya kashe su, ba laifin magoya baya ba. Jaridar The Sun, wadda ta ɗora wa magoya bayan laifi a lokacin, har yau shaguna da dama ba sa sayar da ita a garin. Kada ka riƙe ta a hannu.

Ɗan Najeriya kuma yana da rabo a ɓangaren Everton mai shuɗiyar riga. Daniel Amokachi, ɗan Kaduna da ya fito daga Ranchers Bees, shi ya shigo daga benci a wasan kusa da na ƙarshe na Kofin FA na 1995 ya zura wa Tottenham biyu, Everton ta je ta doke Manchester United ta ɗauki kofin. Bayansa Joseph Yobo da Yakubu Aiyegbeni da Victor Anichebe da Alex Iwobi duk sun sa rigar. A 2025 Everton ta koma sabon filinta mai ɗaukar sama da mutum 52,000, wanda aka gina a kan tsohuwar matsayar jirage ta Bramley-Moore bayan an cike ta da yashi. Wannan gini, da dogayen benayen da ake shirin yi a gaɓar arewa, su suka sa UNESCO ta cire Liverpool daga jerin wuraren tarihi na duniya a 2021, bayan ta sa ta a 2004. Mutanen garin da yawa ba su zubar da hawaye ba. Cewa suke kango ba ya ba yaro aiki.

Batun ci da sha ba matsala. Abincin gargajiyar garin, scouse, farfesun nama ne da dankali da karas da albasa, abincin matuƙa, sai dai a tambayi ko naman halal ne. Soyayyen kifi da dankali ma a tambaya, don wasu da giya suke kwaɓa fulawar. Wurare da yawa kati kawai suke karɓa. Turancin 'yan garin sauri gare shi, ko Baturen Landan sai ya kasa kunne, amma mutane ne masu son hira da zolaya, idan kuma dattijuwa mai kanti ta ce maka "love", gaisuwa ce kawai. Lokacin zuwa ya fi daɗi daga Mayu zuwa Satumba, duk da cewa a Yuni rana ba ta faɗuwa sai kusan ƙarfe goma na dare. A Disamba kuwa Azahar da La'asar da Magariba duk cikin awa huɗu suke zuwa, dole mai yawo ya tsara tafiyarsa kusa da masallaci. Ko da wane wata ne, ka zo da rigar ruwa mai hula. Iskar bakin kogi karya lema take.

In da sauran rabin yini, ka shiga Merseyrail zuwa gaɓar Crosby a arewa. Mai sassaƙa Antony Gormley ya kafa mutum-mutumin ƙarfe guda 100 a nan a 2005, kowanne da nauyin kilo 650, warwatse tsawon kilomita uku, duk suna fuskantar teku. Ruwa ya cika ya rufe wasu, ya janye su fito. Siffar jikinsa ce ya zuba, ba tufa, mai zuwa da iyali ya san da wannan. Daga nan ne kuma za ka ga inda aikin tashar ya koma: Seaforth, da aka buɗe a 1972, da sabon sashenta na 2016 mai jajayen ƙugiyoyin ɗaga kwantena, inda 'yan ɗaruruwan ma'aikata da injuna ke sauke abin da dubban 'yan dako ke saukewa a da. Gaɓar ba ta wanka ba ce. Lakar wurin na riƙe ƙafa, ruwan kuma yana dawowa da saurin da ba ka zato, shi ya sa allunan gargaɗi suka ce kada a yi nisan da ya wuce mita 50 daga hanyar bakin gaɓa. Ka duba jadawalin cikar teku na ranar kafin ka sayi tikiti.